Tayi Ruwa Ne, Juya Shi Ake Yi

Zuwa ga Uwata, Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gaishe ki gaisuwa biyu a haɗe: ta ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, da ta uba ga 'yarsa, tunda ni na yanka ragon. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa wannan aiki na malamar gona da kika samu ya zama alheri gare ki da duk matan da za ki koyar.

A tasha zan miƙa miki wannan takarda. Daga Kura zuwa Bunkure ba wata tafiya ba ce, wasiƙar kuwa doguwa ce, saboda haka ki fara karantawa tun direba bai gama lodi ba. Kin san halin ubanki. Shekarun da na yi a gaban allo sun ɓata ni, in na buɗe baki ba na jin ƙararrawar tashi. Shi ya sa mahaifiyarki ta ce in rubuta, ko ba komai takarda tana ƙarewa.

Ba zan yi miki wa'azin salla da riƙon amana ba, waɗannan kin sha su a nono. Maganata ɗaya ce, ƙarama a ido: yadda za ki yi idan aka miƙo miki abin da likita ya hana ki.

Ranar Juma'a na gan ki. Gwaggonki Binta ta zo taya ki murna da kwalbar lemo mai raɓa da alkaki cike da leda. Ina zaune a ƙofar ɗakina kamar ina karanta jarida, amma kunnena yana wurinku.

Kika ce, "Alhamdulillahi Gwaggo, na ƙoshi."

Ta ce, "Ƙoshin me? Kin kuwa ga wuyanki? Karɓi nan, ja'ira, ni za ki yi wa fulako?"

Kika dubi kwalbar, kika dubi Gwaggo, kika dubi ƙasa, kika shanye. Washegari da safe, bayan kin soki yatsa kin duba na'urar gwaji, na ji ɗakinki ya yi shiru. Ban tambaye ki abin da ta nuna ba, fuskarki ta riga ta gaya mini.

Ba faɗa zan yi ba. Wata uku ke nan kacal da likita ya gaya miki kina da ciwon suga, gadon da ban so na bar miki ba. A gida kin riƙe dokar da kyau, har kin fi ni. To amma aikin da za ki fara, aikin shiga gidaje ne: wajen mata masu turara shinkafa, wajen masu yanka tumatir suna shanyawa, gida takwas ko goma a yini. Kowane gida da tabarmarsa, kowace tabarma da kwanonta. In kowane gida ya ci ki da kunya kamar yadda Gwaggo ta yi, jikinki ne zai biya. In kuma kika ƙi da gatsali, ƙofa za ta rufe, aikin da kika sha wahalar karatu dominsa ya mutu a tsaye. Duka ramukan biyu na faɗa cikinsu, har da na uku wanda na haƙa da hannuna. Bari in nuna miki inda suke.

Kina goye aka tura ni hedimasta wannan ƙauyen da za ki yau. Lokacin ni ma ciwon sabo ne a jikina, ban gaya wa kowa ba sai mahaifiyarki. Na isa ana tsakiyar kakar tumatir, kwanduna jere a bakin hanya, yara duk sun watsar da aji sun tafi tsinka. Na ce bari in bi gida-gida in roƙi iyaye su sako mini su ko da zuwa azahar ne.

Gidan farko aka dama mini fura da nono, aka zuba suga har cokali yana neman tsayawa. Gida na biyu maigidan da kansa ya fere mini rake ya yayyanka. A na uku mutumin ba shi da komai a ɗaki, sai ya aika aka sayo mini lemo, alhali na tabbata shi kansa rabonsa da irinsa tun sallar bara. Ta yaya zan ce masa a'a? A na huɗu kunun zaƙi ne da gutsuren mazarƙwaila. Duk inda na ce na ƙoshi sai a yi dariya a ƙara matso da kwano. Na ci, na sha, na yi godiya, na hau babur na kama hanyar bakin kanal ɗin ban ruwa, rana tana tsaka. Ƙishi ya kama ni kamar wanda ya yini a sahara, kaina ya yi nauyi. Can sai idona ya fara ganin hanya biyu. Na zaɓi wadda babu.

Da na ankara, ga ni zaune dirshan a cikin fangalin albasa da aka gama ba ruwa, babur a gefe yana ta kuka, hulata tana iyo. Wani mutum siriri ya tsaya a kaina da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Sannu Malam! Dashe kam muna yi, amma na albasa. Na hedimasta ba mu taɓa gwadawa ba, ban san ko yana kamawa ba."

Ranar na fara sanin Ɗanlami mai albasa, wanda kika taso kina ce wa Kawu. Shi ya ɗora ni a babur ya kai ni asibiti. Da likita ya gama jin abin da na ci, ya cire tabarau ya ce, "Malam, waɗanda suka ba ka duk suna gida suna hutawa. Kai kaɗai ne a kan gado."

Abin da na koya a kan gadon nan shi ne, a ƙasar Hausa "na ƙoshi" ba ƙi ba ne, gaisuwa ce. Kowane baƙo mai tarbiyya yana faɗarta, kowane mai gida mai tarbiyya ba ya yarda da ita. In kika ce kin ƙoshi, abin da aka ji shi ne, "Ina da kunya, ku matsa mini." Gwaggo ba ta yi laifi ba, amsar da aka koya mata ta bayar. Ke ce kika buga ƙofar da ba ita ba. Kuma kada ki yaudari kanki da "ɗan kaɗan ne." Kaɗan a gida ɗaya kaɗan ne. Kaɗan a gida goma kwano ne cike.

Da na fito daga asibiti, maimakon in yi hankali sai na yi wayo. Na ce na samo maganin da ba mai musu da shi. Duk wanda ya miƙo mini abu sai in sunkuyar da kai in ce, "Ayya, azumi nake."

Ranar farko abin ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku Ɗanlami ya karkata kai ya ce, "Malam, yau fa Laraba ce."

Na ce, "Ramuwa nake yi."

Ya ce, "Allah Ya karɓa. Da gani an sha da yawa."

Kafin sati biyu suna ya fita: Malam Mai Azumi. Mata suka fara aiko da jarirai a yi musu tofi. In na shiga masallaci liman sai ya ja da baya yana nuna mini gaba. Da yamma kuwa, in zan taho gida, sai a ɗaura mini kayan buɗa-baki a bayan babur, kunu da ƙosai da fanke, wato abin da na guje wa da rana shi yake raka ni gida da la'asar. Ga zafin bazara, ga ciwon da ke sa ƙishi, ni kuwa ba damar in sha ruwa a gaban mutane. Sai in shiga ofis in tura ƙofa in kafa kai a buta kamar ɓarawo.

Ranar da asirina ya tonu, taron iyayen yara muke yi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Na sha maganina da safe, taro ya ja har bayan azahar, ban sa komai a ciki ba tunda kowa ya san ina azumi. Sai hannuna ya fara rawa, gumi mai sanyi ya keto mini, maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya. Sugan ne ya faɗi. A gaban liman akwai faranti da 'yan dabinai da aka kawo wa dattawa. Ban san lokacin da na wawure su na cika baki ba.

Kowa ya zuba mini ido, ni kuma ina tauna. Sai Ɗanlami ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Jama'a, ku yi wa Malam barka da shan ruwa. Rana ta faɗi a garinsu. Mu dai tamu da saura."

An yi dariya har wani tsoho ya faɗo daga benci. Sunan kuwa bai bar ni ba har na bar garin, sai dai ma'anarsa ta juye.

Uwata, kada ki rufe ciwo da ƙarya. Ƙarya kamar tunkiyar turke ce, kullum sai kin yanko mata ciyawa. Tawa ta hana ni ruwa, ta kusa kayar da ni, ta kuma sa na yi wasa da ibada, wanda har yau ina neman gafararsa. Sannan ki lura, ciwon nan baki biyu gare shi, yana cizo ta sama yana cizo ta ƙasa. Dabinon nan uku da likita ya ce kada su rabu da jakarki, kada su rabu da ita. In kin ji rawar jiki ki ci a gaban ko wane ne, ba sai kin nemi izini ba.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda har yau in na tuna sai na ji kunnena ya yi zafi.

Bayan abin dabino na rantse na daina ɓoye-ɓoye, gaskiya zan riƙa faɗa tsirararta. Na tattaro takardun asibiti na haddace su. Na zama mai wa'azin suga. Mutum na shan shayinsa a teburin mai shayi sai in tsaya ina ƙirga masa cokali. Malamaina suka koma cin rake a bayan aji.

Akwai wata tsohuwa a garin, Iya Gambo, ita ce ungozoma. Rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka faɗo duniya, kuma ba mai jegon da ba ta sha kunun hannunta ba. Aka yi sunan jikarta, sai ta tako da ƙafarta har makaranta, da kwano rufe da faifai, don ta kawo wa hedimasta nasa rabon. Ta durƙusa a bakin ofis, malamai uku suna zaune, ta buɗe. Nakiya ce da alkaki, suna ta ƙyalli.

Ni kuwa gwanin gaskiya na sa bayan hannu na tura kwanon, na ce, "Iya, ɗauke, ɗauke. Wannan ai guba ce a wurina. In na ci kashe ni za ki yi."

Ta mayar da faifai ta rufe, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta tafi. Ni har ina jin daɗi, na ce yau na yi ƙi irin na masu ilimi.

Washegari jikokinta uku ba su zo makaranta ba. Kafin Alhamis aji ɗaya ya koma rabi. In na ratsa gari na yi sallama, mata sai su amsa ciki-ciki su ja zane su rufe fuska. Na rasa abin da na yi. Ni suga nake nufi. Ita kuwa abin da ta ji, kuma abin da gari ya ji, shi ne hedimasta ya ce Iya Gambo ta sa masa wani abu a abinci. Ki duba nauyin wannan a kan matar da duk rayuwarta hannunta ne jarinta. Kalma ɗaya ce, guba, na ɗauko ta daga takardar asibiti na jefa ta inda take da wata ma'ana dabam.

Ranar Asabar da hantsi na tafi gonar Ɗanlami in kai ƙara. Na same shi yana ban ruwa. Na zazzage masa komai: mutanen nan ba sa son gaskiya, na ci an kwantar da ni, na yi ƙarya an yi mini dariya, na faɗi gaskiya an kwashe yara. Ya miƙo mini fartanya, ya nuna bakin fangalin da ruwa ke shiga, ya ce, "Wannan ya sha ya ishe shi. Toshe mini shi."

Na naɗe hannun riga, na kwarfo laka na toshe. Na miƙe ina jiran yabo. Ruwan da ke tahowa a 'yar hanyarsa ya iso, ya tarar ba ƙofa, ya taru, ya kumbura. Kafin in ce me, ya ɓalle kunyar gefe ya kwashe dashen layi guda, ya cika mini takalmi.

Ɗanlami ya karɓi fartanyarsa, ya sara bakin fangali na gaba, ruwan ya juya ya shige salin-alin. Sannan ya ce, "Ka gani, Malam? Ruwan nan ba mugu ba ne, zuwa ya yi. Mu ba ma toshe wannan sai mun buɗe wancan. In ka tare shi ba ka ba shi wata kafa ba, kunya yake fasawa. Yanzu kunya biyu ce a wuyanka: wannan ta gonata da ka fasa, da wadda ka ba tsohuwa a gaban mutane."

Na ce, "To ya zan yi? In ci in mutu?"

Ya ce, "Wa ya ce ka ci? Wanda ya kawo maka abu ba cikinka ya dama ba, hannunsa yake so ya sauke. Ka nuna masa inda zai sauke mana. Kai da kake da satifiket!"

Da la'asar ya raka ni gidanta. Muka tarar tana juya shinkafar da ta turara ta shanya a tsakar gida. Na cire takalmi na durƙusa. Ta ci gaba da juya shinkafarta kamar ba mutum a wurin.

Na ce, "Iya, na zo neman gafara. Ba hannunki na ce ba. Jinina na ce. Ciwon suga gare ni, likita ya hana ni duk wani abu mai zaƙi. Shi ya kayar da ni a gonar Ɗanlami, shi ya sa ni ƙaryar azumi."

Ta tsaya. Ta ce, "To shi jinin naka ba shi da baki ne, da ba zai ce ba shi da lafiya ba? Ni da nake kwana kan marasa lafiya? Sai ka tashi ka ce guba! Uban wanda ke tsaye a bayanka ma ni na yanke masa cibi."

Ɗanlami ya ce, "Iya, nawa dai kika yanke, na Baba ai ba ki kai ba."

Ta ce, "Rufe mini baki, mai warin albasa." Ta juyo kaina. "To kai me kake ci? Ko iska kake sha, tunda azumin ma na ƙarya ne?"

Nan na gane an miƙo mini fartanya karo na biyu. Na ɗaga kai, sai na hango reshen zogale ya leƙo ta katangar maƙwabta. Na ce, "Iya, da za a samu kwaɗon zogale, da ƙuli-ƙuli da 'yar albasa, ba a sa suga ba, wallahi da na cika ciki."

Ta riƙe haɓa. "Zogale? Ka tsallake nakiyata ka roƙi abincin awaki?" Amma tana faɗa tana miƙewa. Ta je jikin katanga ta ɗaga murya: "Ke Abu! Karyo mini zogale da yawa. Ashe akuya gwamnati ta turo mana a matsayin hedimasta!"

Kwano biyu na ci a ranar, tana zaune tana kallona, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Litinin jikokinta suka riga ni zuwa makaranta, sauran yara suka biyo baya. Da damina ta faɗi, Iya ta saro rassan zogale ta kakkafa a bayan ɗakinta, ta ce ba za ta riƙa roƙon maƙwabta ba duk ranar da akuyarta ta zo. Daga nan kuma na samu mai gadi. Ko a gidan biki ne, in aka nufo ni da faranti, sai ki ji muryarta daga cikin mata: "Kada wanda ya ba ɗana rake! Ku nemo masa yalo." Shekara shida na yi a garin, ban sake yin gardamar abinci da kowa ba. Ita take yi mini.

To Uwata, kin ji abin da na saya da faɗuwa da kunya, ga shi na ba ki kyauta. In an kawo miki, ki fara da fuska, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ki sa hannu biyu ki taɓa kwanon, ki yaba, don an sha wahala kafin a yi shi. Sannan ki faɗi gaskiya gajeriya, ba lacca: "Allah Ya saka da alheri, Inna. Likita ya hana ni zaƙi, ciwon suga gare ni." Kada ki tsaya a nan, don nan ne ruwa yake taruwa. Maza ki buɗe wata kafa: "Amma in da ruwa mai sanyi ina so," ko "In da yalo ko gurji, ba na ƙi." Ki roƙi abin da kika san yana gidan, kada ki roƙi abin da zai sa a shiga kasuwa. Allah Ya taimake ki, ƙasar da za ki ba ta rasa ɗanyen ganye rani da damina. Ga karas, ga kabeji, ga latas, ga dafaffiyar gyaɗa, ga nonon da matan Fulani ke ratsowa da shi kowace safiya, ki ce a ba ki tsurarsa kafin a sa suga. In mai gida ta nace sai kin tafi da alkakinta, ki karɓa da godiya, ki gaya mata za ki kai wa mutanen gidanku. Karɓa dabam, ci dabam. Ba a mayar da hannun kyauta baya, amma ba wanda ya ce lalle cikin mai karɓa ne masaukinta.

Ki lura da 'yan kasuwarmu. In aka yi wa mai albasa tayin da bai yi masa ba, ba ya cewa a'a, ba ya zagi. "Albarka" yake cewa. Ya ƙi, amma da addu'a ya ƙi, kuma mai saye bai tafi ba. Tayin abinci ma haka yake so.

Abu biyu kuma. Kada ki bi sawuna ki zama mai wa'azi a kan kwanon wani. Dokarki taki ce, mai shan rakensa ki bar shi ya sha da daɗi, in ya tambaye ki sannan ki yi bayani. Kuma da zarar an san ciwonki za a fara kawo miki magani: wannan saiwa, wancan ɗaci, wata ta ce kakarta da shi ta warke. Ƙauna ce ta kawo su. Ki yi godiya, amma kada ki ajiye na asibiti, kada kuma ki haɗa komai da shi sai kin tambayi likitanki.

Na san abin da yake cin ki, ko ba ki faɗa ba. Kina tsoron a ce, "Yarinya ƙarama da ciwon tsofaffi," magana ta zaga, ta isa kunnen da ba ki so. Shi ya sa ko Gwaggo ba ki bari an gaya mata ba. Ba na cewa ki yi shela a kasuwa. Amma wanda zai ciyar da ke yana da haƙƙin ya san abin da zai cuce ki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na ɓoye, ɓoyon ne ya jawo mini duk abin dariyar da kika karanta. Ranar da na faɗa a durƙushe, ranar na samu uwa a garin da ban da kowa. Duk wanda zai guje ki don ba kya shan lemo, ki bar shi ya tafi da lemonsa, ya rage miki aiki. Dube ni, shekara ashirin da 'yan kai ina tare da ciwon nan, ga ni garau, har ina da ƙarfin cika miki takarda huɗu.

Saura magana ɗaya. Iya Gambo ta rasu, Allah Ya jiƙanta Ya haskaka kabarinta. Gidan da aka sama miki masauki, gidanta ne. Lantana da za ta karɓe ki 'yarta ce, kuma ta gaji hannun uwarta, ba ta iya ganin baƙo baki a bushe. Na tabbata tun jiya take suya. Kina sauke jaka za ta shimfiɗa tabarma ta turo miki kwano, kuma na san abin da ke ciki.

Jiya na ɗauki waya zan kira ta in yi mata bayani, in share miki hanya. Mahaifiyarki ta karɓe wayar daga hannuna ta ce, "Malam, gida goma za ta shiga kullum. Duka za ka kira? Bar ta ta buɗe bakinta." Ta fi ni gaskiya, kamar kullum. Ban kira ba. Lantana ba ta san komai ba, daga bakinki za ta ji.

Amma ba hannu rabbana na tura ki ba. In kin gama faɗar gaskiyarki, ta riƙe haɓa ta ce, "To ke me kike ci?", ki ɗaga kai ki dubi bayan ɗakin da ke hannun dama. Kawunki Ɗanlami ya gaya mini rassan zogalen da Iya ta kafa suna nan, sun zama shinge, har sun fi katanga tsawo. Ki nuna su, ki ce ke ce 'yar Malam Mai Azumi, akuyar Iya. Tun kina goye aka shuka miki amsarki.

Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa ki shiga kowane gida da alheri ki fito da alheri, Ya daɗaɗa bakinki ko ba suga. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki dabinon suna cikin ƙaramin aljihun jaka. Ni kuma na ce, in an yi kwaɗon, ki ci kwano biyu. Ɗaya nawa ne.

Wassalamu alaikum.

Ɗanki, kuma mahaifinki,
Malam Habibu